Hasumiyar Jami'ar Teksas da shekara 50 da aka yi ana shiru

Abin da ya kai ni Ostin, babban birnin jihar Teksas a Amurka, ba yawon buɗe ido ba ne, ƙanina ne yake digiri na uku a Jami'ar Teksas, ni kuma wani taro ya kai ni Houston, sai ya bugo ya ce wallahi Yaya in ka koma gida ba ka leƙo ni ba sai na kai ƙararka wajen Hajiya. Na hau bas, tafiyar kusan awa uku, tun kafin mu shiga gari sosai ya turo min saƙo ya ce in na sauka in ɗaga kai kawai, duk inda na ga doguwar hasumiya mai agogo to nan zan nufa.

Kuma haka ne, ba ta ɓuya. Tsayinta ƙafa 307 ne, wato mita 94, kamar a ɗora Gobarau ta Katsina a kan juna kusan sau shida. A 1937 aka gama ta, wani Bafaranshe mai zanen gini Paul Cret ne ya tsara ta, asali ma don ajiye littattafai aka yi ta. In ƙungiyar wasan jami'ar ta ci wata babbar gasa ko ranar yaye ɗalibai sai a haska ta da fitila ruwan goro, duk garin ya san an yi abin arziki. Ga mutanen wajen ita ce tambarinsu, tana jikin riga, tana jikin kofi, ko'ina ita ce. To a saman wannan hasumiyar ne wani ɗalibi ya tsaya ran 1 ga Agusta 1966 ya yi minti 96 yana harbin mutanen da ke ƙasa, kuma abin da ya fi tsaya min a rai bayan na baro wajen ba harbin ba ne kaɗai, yadda jami'ar ta yi shekara 50 kafin ta iya rubuta sunayen mamatan a jikin dutse ne.

Amma bari in fara da yadda ya zaga da ni, don sai ka ga abin da suke nunawa za ka gane abin da suka daɗe ba sa nunawa.

An buɗe jami'ar a 1883 a kan fili eka 40, har yau in suna so su ce harabar sai su ce eka arba'in duk da ta ninka haka sau da yawa, ɗalibai sun haura dubu 50. Kuɗinta kuma daga ƙasa ya fito, a zahiri. Jihar ta ba ta wasu filaye a yammacin Teksas, fako ne da kowa ke ganin ba shi da amfani, sai a 1923 aka haƙa wata rijiya mai suna Santa Rita mai ya ɓulɓulo, tun daga nan kuɗin suke shiga wani asusu da doka ta hana a cinye uwar kuɗin sai riba. Tsohon injin rijiyar yana nan an kafa shi a gefen harabar. Na tsaya na daɗe ina kallonsa ina tunanin namu man. Da irin wannan arziki ne suka iya sayen kwafin Baibul ɗin Gutenberg, ɗaya daga cikin littattafan farko da aka buga da na'ura a Turai, a 1978 kan dala miliyan 2.4, yana nan cikin gilashi kowa ya shiga ya gani kyauta, kusa da shi ga hoton da aka fi daɗewa da ɗauka da kyamara wanda ya rage a duniya. Can gabas kuma ga ɗakin ajiyar takardun Shugaba Lyndon Johnson da aka buɗe a 1971.

Da muka zo filin da ke gaban hasumiyar sai ya nuna min wuraren da a da gumakan shugabannin jihohin kudu na ƙasar suke, mutanen da suka yi yaƙin basasa don a ci gaba da bautar da baƙaƙe. An cire na Jefferson Davis a 2015, na Robert Lee da wasu kuma a watan Agusta 2017 cikin dare aka kwashe su bayan rikicin masu wariyar launin fata a garin Charlottesville. Ya ce Yaya ka san da a 1945 ne ni da kai ko ƙofar aji ba za mu taka ba. Gaskiya ya faɗa. A 1946 wani ma'aikacin gidan waya baƙar fata, Heman Sweatt, ya nemi shiga sashen shari'a aka hana shi don launin fatarsa, lauya Thurgood Marshall ya tsaya masa har kotun ƙoli ta ba shi gaskiya a 1950, masu digirin farko kuwa sai 1956 aka fara ɗaukar baƙaƙe. Abin da na lura shi ne wajen nan sun san darajar dutse, sun san abin da aka kafa a tsakar gida magana yake yi, shi ya sa suka yi shekaru suna faɗa a kan wa za a kafa wa za a cire. Don haka ba za a ce rashin sani ne ya sa ba a rubuta sunayen mutanen 1966 ba.

A bayan hasumiyar ta arewa akwai wani ɗan tafki cike da kififiya, suna hawa kan duwatsu suna shan hantsi, ɗalibai na zama a gefe da abincinsu. In ba a nuna maka ba za ka iya wucewa. A nan dutsen yake, ja-ja, ya ɗan fi mutum tsayi, an sassaƙa sunaye 17.

Ga yadda abin ya faru. Charles Whitman shekararsa 25, tsohon sojan rundunar Marin ne, gwanin harbi, yana karatun injiniyan gine-gine. Cikin dare kafin wayewar garin Litinin ya je ya kashe mahaifiyarsa, ya dawo gida ya kashe matarsa tana barci. Da safe ya shiga kantuna ya ƙara sayen bindigogi da harsasai, ɗaya ma bashi ya karɓa, babu wanda ya binciki tarihinsa don doka ba ta ce a bincika ba. Ya zuba su a akwatin soja har da ruwa da abincin gwangwani da rediyo, ya sa kayan ma'aikata, ya ɗora akwatin a kurar tura kaya ya shiga lifta kamar mai kai saƙo. A sama ya kashe matar da ke karɓar baƙi, ya harbi wasu iyali da suka zo kallon gari a kan matakala, biyu suka mutu. Ƙarfe 11:48 ya fara harbi ƙasa.

Wadda ya fara samu wata ɗaliba ce 'yar shekara 18 mai cikin wata takwas, harsashin ya kashe ɗan da ke cikinta, saurayinta ya sunkuya ya duba ta shi ma aka harbe shi ya faɗi a kanta ya mutu. Ta kwanta a kan siminti fiye da awa ɗaya, a watan Agusta na Teksas, zafi irin na Afrilu a Sakkwato, mutane na kallonta daga bayan bango ba mai iya fitowa. Sai wata ɗaliba da ba ta taɓa saninta ba ta rugo ta kwanta kusa da ita tana ta yi mata hira don kar ta suma, daga baya wasu samari suka yi kasada suka ɗauke ta da gudu. Ta rayu. Na tsaya a kan simintin nan da tsakar rana na ɗaga kai, wallahi babu inda za ka ɓuya, fili ne fetal, kuma daga ƙasa barandar saman ba ta fi ɗan layi ba, ba za ka ga mutum ba balle ka san ta ina mutuwa ke zuwa. Ya samu mutane har a titin Guadalupe inda shaguna suke, ya samu yaro mai raba jarida a kan keke, ya kashe wani ma'aikacin lantarki da ke nesa da kusan rabin kilomita, ya kashe ɗan sanda da ya fake a bayan ginshiƙai.

'Yan sandan Ostin ba su da shiri ko kaɗan, ƙananan bindigogi ne a hannunsu waɗanda ba sa kaiwa sama, layukan waya sun cushe, ba wani tsari. Garin ba shi da hukumar ambulan, kamfanonin shirya jana'iza ne ke ɗaukar marasa lafiya, direba ɗaya ma an harbe shi yana aikin, sai da aka kawo motar banki mai sulke aka riƙa kwasar mutane da ita. Mutanen gari suka koma gida suka ɗauko bindigoginsu na farautar barewa suka riƙa harbi sama. A ƙarshe 'yan sanda kaɗan da wani farar hula Allen Crum da ke aiki a kantin littattafai suka hau, Ramiro Martinez wanda ma ba ya bakin aiki a gida ya ji labari ya taho, shi da ɗan sanda Houston McCoy suka harbe Whitman wajen ƙarfe 1:24. Mutum 31 suka ji rauni. Cikin sunaye 17 ɗin akwai uwarsa da matarsa, akwai jaririn da ba a haifa ba, akwai kuma wani ɗalibi da harsashi ya lalata masa ƙoda ya yi shekaru a kan injin wankin ƙoda sai a 2001 ya rasu, likitoci suka rubuta cewa kisa ne.

Tambayar da kowa ke yi ita ce me ya sa, kuma a nan ne mutane ke son amsa ɗaya tak don hankalinsu ya kwanta. A takardar da ya bari ya ce shi kansa bai gane kansa ba, wasu tunani na zo masa da ba ya iya ture su, ga ciwon kai mai tsanani, ya roƙi a duba ƙwaƙwalwarsa in ya mutu, har ya ce in kuɗin inshorarsa sun rage a ba masu binciken lafiyar ƙwaƙwalwa. Da aka duba kuwa sai ga ƙari a ciki. Gwamna John Connally ya kafa kwamitin ƙwararru, suka ce ƙarin zai iya yiwuwa ya taimaka wajen kasa riƙe kansa amma ba za su iya tabbatarwa ba. Wasu sun kama wannan sun riƙe, suna cewa kun ga ciwo ne. Ni dai ban gamsu ba, don mutane da yawa suna da ƙari a ka ba su kashe kowa ba, kuma wanda ya yi hayar kura ya tanadi ruwa ya sa kayan ɓad da kama ai da lissafi yake tafe. Akwai kuma gidan da ya tashi, uba mai duka wanda shi da bakinsa ya amsa yana dukan matarsa, a farkon wannan shekarar ce ma uwar ta gudo daga Florida ta dawo Ostin. Shi ma Whitman ya amsa ya taɓa dukan matarsa. Yana kuma shan ƙwayar hana barci. Duk waɗannan suna nan a tare, ba ɗaya da za ka cire ka ce shi ne.

Wanda ya fi ci min rai shi ne na watan Maris. Wata huɗu kafin abin ya je wajen likitan ƙwaƙwalwa na jami'ar, Dakta Maurice Heatly, ya faɗa masa ƙarara cewa yana tunanin hawa hasumiya da bindigar farauta ya fara harbin mutane. Likitan ya rubuta, ya ce ya dawo bayan mako guda, bai dawo ba, ba wanda ya neme shi. Yana da sauƙi yau mu zagi likitan, amma a lokacin babu wanda ya taɓa ganin irin wannan, ɗalibai da yawa kan ambaci hasumiyar in suna cikin damuwa, kuma babu wata hanya da aka shimfiɗa ta bin sawun wanda ya faɗi irin wannan magana. Abin da nake ɗauka a nan shi ne mutumin ya yi magana, an ji shi, sai maganar ta tsaya a cikin fayil.

To bayan an kwashe gawa me jami'a ta yi. Ta rufe kwana ɗaya, aka wanke jini, washegari aka koma aji. Barandar saman an rufe ta, aka buɗe a 1968, aka sake rufewa a tsakiyar shekarun 1970 saboda masu faɗowa daga can su kashe kansu, sai 1999 aka buɗe da shingen ƙarfe da 'yan rakiya. A 1999 ɗin ne ma aka ce an keɓe lambun tafkin don tunawa, shekara 33 bayan abin, kuma ko a lokacin ba sunan kowa. Hukuma tana tsoron kar hasumiyar da take alfahari da ita ta koma hasumiyar Whitman a idon duniya, kar iyaye su ji tsoron turo 'ya'yansu, zamanin kuma zamani ne da in abu ya same ka ake ce maka ka daure ka wuce. Na fahimci wannan tsoron. Amma duba abin da shirun ya haifar, duk Amurka ta san sunan wanda ya yi kisan, hotonsa ya hau bangon mujallu, waɗanda ya kashe kuwa ko a inda suka faɗi babu mai sanin sunansu, waɗanda suka tsira suka watse kowa da nasa ciwon, wasu sai da suka tsufa suka fara haɗuwa da juna. Shirun bai kare kowa ba sai sunan makaranta. Kwatanta da jami'ar Virginia Tech a 2007 inda aka kashe mutum 32, tun a daren ɗalibai suka jera duwatsu 32 a filin makaranta, cikin wata huɗu aka mayar da su na dindindin.

Su waɗanda suka tsira daga harin 1966 ne suka matsa har aka kafa dutsen nan ran 1 ga Agusta 2016, aka tsayar da agogon hasumiyar daidai 11:48. Kuma a wannan ranar dai, ba washegari ba, dokar jihar da Gwamna Greg Abbott ya sa wa hannu a 2015 ta fara aiki, wadda ta ba mai lasisi damar shiga harabar jami'o'in gwamnati da ƙaramar bindiga a ɓoye har cikin aji. Shugaban jami'ar na lokacin Gregory Fenves ya ce ba ya goyon baya amma dole ya bi doka, malamai uku suka kai ƙara suka faɗi, jami'o'in kuɗi da aka ba su zaɓi kusan duka suka ce ba sa so.

Abin da ya sa maganar ke da wuya shi ne ɓangarorin biyu duk da ranar 1966 suke kafa hujja. Masu son bindiga suna cewa ai mafi yawan waɗanda suka mutu a mintunan farko ne, da mutanen gari suka fara mayar da wuta dole ya duƙa ya koma harbi ta indararo, kuma wannan gaskiya ne, Martinez da kansa ya yaba musu. Masu adawa kuma suna cewa da safen nan ya shiga kanti ya fito da makamai kamar mai sayen fartanya, kuma harsasan da ake harbowa daga ƙasa sun kusa samun 'yan sandan da suka hau, wannan ma gaskiya ne. Ni inda na tsaya shi ne bindigar farauta a hannun mutanen da suka ga abokin gaba ɗaya a waje ɗaya daban take da ƙaramar bindiga a jakar ɗalibi cikin aji mai mutum 200, inda in an fara harbi ɗan sandan da ya shigo ba zai san wane ne maharin ba. Kuma hujjar farko tana magana ne a kan rage ɓarna bayan an fara, ta biyu tana magana a kan kar a fara. Shugaba Johnson, ɗan Teksas, washegarin harin ya nemi majalisa ta tsaurara dokar sayen bindiga, ba a yi ba sai 1968 bayan an kashe Martin Luther King da Robert Kennedy. Abin da aka fi saurin gyarawa shi ne ɓangaren martani, aka kafa rundunonin 'yan sanda na musamman a birane, jami'o'in jihar suka samu 'yan sandansu, aka gina tsarin ambulan. Duk da haka a 2022 a wata makarantar firamare a garin Uvalde cikin Teksas ɗin nan, jami'an tsaro ɗaruruwa da cikakkun makamai suka yi minti 77 kafin su shiga ajin da aka kashe yara 19 da malamai 2. Na tambayi ƙanina ko yana jin tsoro, ya ce Yaya tsoro kam ba kullum ba, amma in zai mayar wa ɗalibi takardar jarrabawa da ya faɗi yakan bar ƙofar ofis a buɗe.

Ina tsaye gaban dutsen nan gida ya faɗo min. Afrilu 2012 aka shiga tsohuwar harabar Jami'ar Bayero ranar Lahadi aka buɗe wa masu ibada wuta har da farfesoshi a cikin mamatan, Satumba 2013 aka harbe ɗalibai fiye da 40 suna barci a Kwalejin Noma ta Gujba, Fabrairu 2014 ga yaran Buni Yadi, kafin nan ga Mayu 1986 a Samaru da 'yan sanda suka harbi ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello wanda har yau ana gardama a kan adadin. Na san namu daban ne, ba mutum ɗaya ne da bindigar kanti ba, amma na gwada in tuno sunan ɗalibi ɗaya daga Gujba na kasa, alhali sunan shugaban waɗanda suka kashe su ko yaro ya sani. Mukan ce Allah ya jiƙansu ya kiyaye gaba, kuma addu'a ce mai kyau, ba na raina ta, haƙuri da ƙaddara su ne suka riƙe iyaye da yawa ba su zauce ba. Sai dai haƙuri na iyaye ne, rubuta suna da faɗin yadda aka yi aikin hukuma ne, kuma rubutun suna a bango ba gunki ba ne, ai muna sa wa ɗakunan kwana da tituna sunan manya kullum. Jami'ar Ibadan ta sa wa ginin ƙungiyar ɗalibanta sunan Kunle Adepeju da ɗan sanda ya harbe a 1971, shi ya sa har yau sabon ɗalibi kan tambaya wane ne shi.

Ranar ba a hawa saman, don haka a ƙasa muka tsaya. Ƙararrawar hasumiyar ta buga kwata, ƙanina ya duba waya ya ce yana da aji ƙarfe biyu, in jira shi a nan ko in bi shi. Na ce ya je. Wata yarinya na zaune a bakin tafkin da kwamfuta a cinya tana ɗaukar kififiya hoto, ni kuma na koma na sake bin sunayen ɗaya bayan ɗaya daga sama, har na zo kan layin da ba shi da sunan yanka, an rubuta jariri namiji ne kawai sai sunan gidan uwarsa.